Jan Suda a Fiffike Yake

Duk wanda ya lashi zuma a Tozai, ko aka shafa masa ita a kan ƙuna, da wuya in ba daga amyar Dalhatu ta fito ba. Sana'ar gidansu ce. Ubansa ya yi ta rataya amya a itatuwa har ƙarfinsa ya ƙare, shi kuma ya karɓa tun gemu bai fito masa ba. Dogo ne siriri, marar yawan magana, tafin hannunsa ya yi kanta saboda hawan ice. Yana noma gero da dawa kamar kowa, amma in ka ce Dalhatu a garin, sai an tambaye ka wanne, in ka ce mai amya kuwa an gane.

Aikin amya rabinsa jira ne. Mutum zai saƙa ta da ciyawa, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara, ya hau gawo ko ƙirya ya ɗaure, sannan ya sauko ya zauna a gindin icen yana duba ko ƙudan zuma za su karɓi gidan. A irin wannan zaman ne Dalhatu ya san tsuntsaye. Ba wanda ya koya masa, kuma bai taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba. Ya dai san wadda ke fara kuka da asuba, da wadda ke saƙa a ƙaya, da wadda ba ta barin ƙasa sai an kusa taka ta. Da daji ya ɓaci, zuwa nesa ya zama sai da shahada, sai ya kwaso amyoyinsa ya dawo da su wata 'yar duhuwa a bayan gari, inda sabara da magarya da farar ƙaya suka haɗe. Zumar ta ragu, amma ana samu.

Yana da yaya mace, Tani, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goye shi yana jariri, kuma ba ta taɓa bari ya manta ba. Daddawa take yi, duk unguwar a wurinta ake saye, kuma ba a jan musu da ita, domin ko ta ga ba ta da gaskiya sai ta ƙara murya. Ɗanta Nasiruddeen ɗan kasuwa ne, yana kai kaya Nijar yana kawowa, bai cika zama gida ba. Matarsa Sadiƙa ce ke zaune tare da Tani, da 'yarsu Halimat.

Halimat ta wuce shekara uku ba ta ce uffan ba. Tana gudu, tana dariya, tana cin abinci da kyau, amma in tana son abu sai ta ja zanen mutum ta nuna da hannu. Sa'o'inta har sun fara zagi, ita shiru. An yi rubutu an wanke an ba ta, an yi tofi, ba labari.

Wata safiya a farkon damina, Dalhatu yana zaune a zaure yana gyaran igiya, sai ga Tani ta shigo ba ta ko tsaya an gama gaisuwa ba.

"Dalha, suda nika so."

Suda wata tsuntsuwa ce ta cikin duhuwa mai zaƙin fito, wadda tsofaffi ke cewa in yaro ya ci namanta bakinsa zai buɗe. Shi ya sa in mutum ya cika surutu akan ce ya ci suda.

Dalhatu ya ajiye igiyar. "Yaya, ni mai amya na, ba maharbi ba. Rabona da ɗana tarko tun muna yara. Ku kai yarinyar ga asibiti a duba ta."

"Asibiti baki suka ɗinkawa? Innarmu da suda ta buɗe bakin yara nawa a garin ga? Ni da nig goye ka, yau ina roƙon ka tsuntsu kana kawo min asibiti."

Gaskiyar magana akwai suda biyu, mace da namiji, da suke zaune a ƙarƙashin amyoyinsa, kuma ya saba da fitonsu kamar yadda mutum ke sabawa da muryar maƙwabci. Bai faɗa mata wannan ba. Ya dai tsaya a kan ba zai ɗana tarko ba.

Tani ta miƙe ta gyara mayafi. "To, na ji. Za ni sa a kamo. Kai dai in an kawo ka duba min, tunda kai ka san su. Ko shi ma ya yi ma nauyi?"

Ya ce bai yi ba. Daga baya ya sha cewa da ya san abin da zai biyo baya, da ya ce ya yi.

Wanda ya karɓi aikin shi ne Shafi'u wanzami, abokin Dalhatu tun na ƙuruciya, mutumin da ya taɓa harbe zomo sau ɗaya a rayuwarsa kuma har gobe yana ba da labarin. Ya samo izgar doki ya yi tarko, ya kai bakin duhuwa. Bai daɗe ba ya zo zauren Dalhatu da ƙwarya an rufe da faifai, Tani na biye da shi, fuskarta cike da fara'a.

Dalhatu ya sa hannu a hankali ya ciro tsuntsuwar. Launin ƙasa ce, da farin layi a saman ido kamar gira, da baƙin layi da ya ratsa idon. Kallo ɗaya ya yi mata.

"Wagga ba suda ba ta."

"Kamar yaya ba suda ba ta?" in ji Shafi'u. "Ga farar gira nan. Ga ja."

"Farar gira duka biyu suna da ita. Ja kuma, dubi inda yake." Ya baje wutsiyar da yatsa, ja wur, da ɗigon fari a baki. Sannan ya buɗe fiffiken, launin ƙasa ne kawai. "Wagga janta a wutsiya yake. Jan suda a fiffike yake, wutsiyarta baƙa. Kan suda baƙi na, kamar an aza mata hula. Wagga ina hularta? Dubi baki kuma, siriri kamar tsinke. Na suda da kauri, da 'yar ƙugiya a tsini. Kuma suda ta ɗan ɗara ta girma."

"To ita mi sunanta?" Tani ta tambaya.

"Ni dai ɗaga-wutsiya nika ce mata, don in ta sauka ƙasa sai ta ɗaga wutsiya ta baje."

"Kai ka raɗa mata ke nan."

"Ni nir raɗa mata, amma ba suda ba ta."

Shafi'u ya ce wataƙila mace ce, shi ya sa ba ta da hula. Dalhatu ya ce macen suda ma da hularta. Shafi'u ya ce to ƙarama ce ba ta gama girma ba. Dalhatu ya ce ko ta shekara goma janta ba zai taso daga wutsiya ya koma fiffike ba. Ya buɗe hannunsa, tsuntsuwar ta yi fir ta fita ta ƙofar zaure. Tani ta bi ta da kallo kamar an zubar mata da tukunyar kalwa.

Abin bai tsaya nan ba. Labari ya bazu cewa Tani na neman suda, kuma duk wanda ya kawo zai ci daddawa kyauta har bayan kaka. Mata masu zuwa itace suka shiga, masu noma a gefen duhuwa suka shiga. Dalhatu zai dawo daga gona a gajiye, ya tarar da mutum a ƙofar gidansa da ƙwarya ko tsohuwar hula a dunƙule. Ya buɗe, ɗaga-wutsiya. Gobe wani ya zo, ɗaga-wutsiya. Dalilin a fili yake gare shi: ita ba ta da tsoro, tana fitowa fili tana tsalle-tsalle a gaban mutane, duk inda aka ɗana tarko ita za ta fara faɗawa. Suda kuwa can cikin ƙaya take rarrafe, sai dai a ji ta. Ya yi wannan bayani har bakinsa ya gaji. Duk wanda ya ce wa jan a fiffike yake, sai ya gyaɗa kai, ya tafi da kalmar ja kaɗai a kunnensa. Wata rana ma har tsuntsun nan jan gado aka kawo masa, wanda ko makaho ya san ba suda ba ne.

"Jama'a, kama da wane ba ta wane," in ji shi. "Jaki da doki duk ƙafa huɗu gare su, don mi ba ku ɗaura wa jaki sirdi ku ce doki na?"

Ya ga abin ba zai ƙare ba, sai ya ce wa Shafi'u ya zo su je ya nuna masa da ido, ko a huta. Ya san yin hakan kamar tona asirin maƙwabtansa na ƙarƙashin amya ne, amma ya kai inda ya fi son a kama suda ɗaya da a ci gaba da cika masa zaure. Suka fita da hantsi suka tsugunna a bayan wata sabara, ya ce wa Shafi'u ya yi shiru, abin da wanzami bai iya ba. Can sai fito ya taso daga cikin magarya, mai daɗi, yana hawa yana sauka kamar mutum na tafe shi kaɗai a hanya yana fito da baki.

"Ka ji ta," Dalhatu ya ce a hankali. "Duba ƙasa, gindin magarya, wajen hagu."

"Na gan ta!" in ji Shafi'u, yana nuna sama.

A kan reshen farar ƙaya wata ɗaga-wutsiya ce zaune, tana ta baje wutsiya.

"Ba ita ba. Ƙasa nic ce."

"Wallahi ita ta yi. Na ga bakinta ya motsa."

"Shafi'u, kunnenka na jin abu daga hagu, idonka na kallon dama."

Shafi'u ya miƙe tsaye don ya nuna da kyau. Wani abu ya yi fur-fur a gindin magarya, jan fiffike ya gilma, ya ɓace cikin ƙaya. Dalhatu ya kama hannunsa ya ce ga ta can, ka ga jan? Shafi'u ya ce shi bai ga komai ba, amma wadda ya gani tana nan zaune, kuma ja gare ta. Suka dawo gari kowa na fushi. Daga ranar Dalhatu ya bar sumarsa ta yi tsawo har mako ya zagayo, don kada ya zauna a gaban wanzamin.

Daga nan sai aka daina kawo masa tsuntsu. Ya yi hamdala, ya ɗauka an haƙura. Ranar da ya kai wa Tani ɗan zuma a kwalba, yana shiga tsakar gida ya ga gashin tsuntsu a bakin murhu, iska na juya shi. Ya sunkuya ya ɗauki ɗaya. Dogo ne, ja, da ɗigon fari a tsini.

"Yaya, mi anka yi nan?"

"An yi abin da ya kamata," in ji Tani, tana tankaɗe ba ta ɗago ba. "Shafi'u ya kawo suda, an yanka, an gasa, yarinya ta ci."

"Wanga gashin wutsiyar ɗaga-wutsiya na!"

"Kai komi anka kawo ma sai ka ce ba ita ba. Mutum nawa sunka kawo? Duk garin ga makafi na, kai ɗai ka da ido? In da na biye ma, sai yarinyar ga ta yi aure da nuni."

Dalhatu ya yar da gashin. Ya ajiye kwalbar a kan turmi ya juya.

Sadiƙa ce ta biyo shi har zaure. Ta durƙusa daga gefe, ta ce, "Kawu, don Allah in ce wani abu."

Ya ce ta faɗa.

Ta ce ita ta lura kunnuwan Halimat na fitar da ruwa mai wari lokaci-lokaci, tun tana goye, kuma in an kira ta daga baya ba ta waiwayowa sai an taɓa ta. Ta faɗa wa Inna Tani, ta ce mata duk yara na yi. Nasiruddeen kuma ba ya nan, ita ba za ta iya fita ba izini ba.

Dalhatu ya koma ciki. Wannan karon bai ambaci tsuntsu ba. Ya ce wa Tani zai kai zuma garin Isa ranar kasuwa, zai tafi da Sadiƙa da yarinyar a duba kunnen, kuma ya riga ya yi niyya. Tani ta ce su je, ai magani ya riga ya shiga jiki, sauran duk yawo ne.

Suka bi motar kasuwa tare da jama'a, don yanzu ba mai son bin hanyar shi kaɗai. A asibiti wata ma'aikaciya ta haska kunnen, ta ce duka biyun sun daɗe da ciwo. Ta wanke, ta ba da na ɗigawa da na sha, ta ce a dawo, kuma a riƙa yi wa yarinyar magana fuska da fuska, a hankali. Sadiƙa ta riƙe wannan da hannu biyu. Suka koma kamar yadda aka ce. Kullum in tana daka ko tana wanki, sai ta zaunar da Halimat a gabanta tana kiran sunan komai: turmi, ruwa, akuya, Kaka.

Gero ya nuna, aka yi girbi, aka ɗaure dammuna. Wata rana akuya ta sa kai cikin kwandon kalwar Tani, sai aka ji wata 'yar murya daga bakin ɗaki ta ce, "Kaka, akuya!" Tani ta saki muciya. Aka yi guɗa a gidan har maƙwabta suka shigo suna tambayar ko haihuwa aka yi. Dalhatu da aka gaya masa sai da ya share ido da bakin riga.

Da yamma ya je barka, ya tarar da tsakar gida cike da mata, Tani a tsakiya tana ba da labari. Tana ganin sa ta ɗaga murya.

"Ga shi nan, mai cewa ba suda ba ta! To Dalha, wa ya buɗe bakin?"

"Allah ya buɗe shi, Yaya. Ko ta kunne, ko ta inda ya so, ban sani ba. Ni abin da nis sani ɗaya na: abin da tac ci ba suda ba ta."

Matan suka kwashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce gani ya kori ji, yarinya ta ci, yarinya ta yi magana, sauran me? Sadiƙa tana gefe tana ɗiga wa Halimat magani, ta sunkuyar da kai, domin ba ta isa ta ƙaryata uwar mijinta a gaban mutane ba. Shafi'u kuwa tun daga ranar ya samu labari na biyu bayan na zomo, kuma duk wanda ya zauna aski sai ya ji yadda mai amya ya kwana a daji shekara da shekaru bai san suda ba.

Sunan Tani ya fita. Mata suka fara zuwa daga ƙauyuka da yaran da bakinsu ya yi nauyi, ita kuma ta zama mai duba tsuntsu. Dalhatu in ya gamu da irin waɗannan baƙin a hanya, yakan tsayar da su ya ce su bi ta asibiti a duba kunnen yaron, wasu su ji, wasu su ce to kawai.

Ana nan, wata mata mai suna Safiyatu ta zo daga Gangara da jikanta, da ɗan kwando a rufe. Mijinta tsohon maharbi ne, shi ya kamo mata. Dalhatu yana gidan a lokacin, ya zo gyara wa Tani dangar da ta faɗi. Tani ta buɗe kwandon ta leƙa, ta taɓe baki.

"Ashsha, 'yar'uwa, an wahal da ke. Wagga ba suda ba ta. Dubi wutsiya baƙa ƙirin. Suda jan wutsiya gare ta."

Dalhatu ya leƙo ta saman kafaɗarta. Baƙar hula, jan fiffike, baki mai ƙugiya, tana haki a lungun kwando. Zuciyarsa ta ce masa ya yi shiru, ga tsuntsuwa za ta tsira da ranta ba tare da ya roƙi kowa ba. Ya koma wajen danga, ya ɗauki igiya, ya ja ya ƙulla. Ya ji Tani tana ƙara bayani, wai wannan wata ce mai kwaikwayon suda, ana yawan ruɗewa da ita. Igiyar ta faɗi daga hannunsa.

"Suda ta!" ya ce da ƙarfi, har kaji suka watse. "Wallahi suda ta! Tun farkon damina ita nika kwatanta muku! Ga hula, ga fiffike, ga baki, mi kuma kuka so, ta buɗe baki ta gaya muku sunanta?"

Safiyatu ta dube shi, ta dubi Tani. Tani ta girgiza kai ta ce, "Ƙanena na, ki yi haƙuri da shi. Zuma ya sani." Ta karkata kwandon, tsuntsuwar ta yi tsalle ta faɗa kan dangar da bai gama ɗaurewa ba, ta tsallake ta yi bayan gari. Dalhatu ya zauna a kan turmi. Bai san ko murna zai yi ko kuka ba. Halimat ta zo ta dafa gwiwarsa ta ce, "Kaka, tsuntsu ya gudu." Ya ce, "Ta gudu, ɗiyata. Ta yi daidai." Kafin Safiyatu ta fita ya bi ta har ƙofa, ya tambaye ta ko yaron na waiwayowa in an kira shi daga baya. Ta ce za ta gwada ta gani.

Da rani ya kai zuma kasuwar Sabon Birni. Ya shimfiɗa buhu ya jera kwalabe, kusa da wani mai magunguna da ya zo daga Nijar, gabansa cike da saiwoyi da fatu da ƙahonni. A cikin kayan akwai wani busasshen tsuntsu da aka ɗaure wa ƙafa da zare, jar wutsiyarsa a baje.

"Malam, wannan fa?" Dalhatu ya tambaya, ko da yake ya san amsar.

"Suda ke nan, ta gaske," in ji mai maganin. "Irin ta Tozai. Can akwai wata tsohuwa da ta san su, ita ta ce a duba wutsiya. In kana da yaron da bai magana, ka zo wurin da ya dace."

Dalhatu ya buɗe baki, sai ga wata mata ta tsaya tana tambayar ko zumar tasa ba haɗi. Ya juya mata, ya tsoma tsinke a kwalba ya miƙa ta ɗanɗana. Da ta saya ta wuce, ya tattara buhunsa da kwalabensa ya koma can layin masu barkono, inda rana ta fi zafi, ya ƙarasa cin kasuwarsa a can.